Firji ya dawo daga gyara bai yi sanyi ba: a ƙara gas, ko a zubar a auna sabo?

Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan farko, masu gyaran firji a Garwa, Marwa, Kusuri da Njamena ba sa samun zama. Rana na haura digiri 40, masu sayar da ƙanƙara da zoɓo na son kayansu su daskare kafin la'asar, gidaje kuma na fama da nama da kifin da ba ya jure kwana. Ƙorafin da ya fi ɓata rai a wannan lokaci shi ne na firjin da aka gyara jiya, aka biya kuɗi, aka ɗauko shi a kan amalanke aka dawo da shi gida, yau inji na ta gurnani ba tsayawa amma ruwan leda ko sanyin kirki bai yi ba. Ka koma wurin mai gyara, amsar kusan kullum ɗaya ce: "Maigida, gas ne bai ishe shi ba, bari in ɗan ƙara masa."

A nan mai firji ke tsaye tsakanin hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ƙari: mai gyara ya zo har gida, ya ɗaura geji, wato agogon auna matsin gas, a bututun caji inda ake ɗura gas, ya riƙa ɗura gas kaɗan-kaɗan yana kallon allura da ƙanƙarar da ke hawa, kafin awa guda ya tafi, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Ta biyu ita ce a sake aikin daga tushe: a fitar da abin da ke ciki, a nemo yoyo a toshe, a canja filta, a zuƙe iska da famfon bakiyum, sannan a ɗora kwalba a kan sikeli a ɗura daidai gram ɗin da kamfani ya rubuta. Wannan na cin yini ko biyu, kuma ya fi tsada. Ni a wurina, firjin da aka riga aka buɗe wa bututu, hanya ta biyu ce ta fi dacewa da shi a mafi yawan lokuta. Amma kafin a biya kuɗin ko wacce, akwai dubawar da mai gida da kansa zai yi da ido da tafin hannu, don sau da yawa matsalar ba ta gas ba ce sam.

Firji ba ya shan gas

Gas ɗin firji a cikin rufaffen bututu yake zagayawa. Kwamfureso, wato injin firjin, ya matsa shi ya tura shi ragar baya, a can ya saki zafi ya zama ruwa, ya bi ta filta mai tace datti da danshi, ya shiga siririn bututun nan na kapilari, ya fito a farantin sanyi inda yake tafasa yana zuƙe zafin abinci, sannan ya koma inji ta bututun dawowa. Babu inda ake ƙona shi. Firji na iya shekara 20 da gas ɗin da aka zuba masa a masana'anta. Idan ya ragu, to akwai ƙofar da ya bi ya fita, kuma ƙari ba ya rufe ƙofa.

Abu na biyu shi ne ƙanƙantar adadin. A jikin kowane firji akwai sitika, ko a ciki kusa da akwatin ganyayyaki ko a baya, mai ɗauke da sunan gas da nauyinsa. Mai R134a yawanci gram 100 zuwa 200 yake ɗauka. Mai R600a kuwa sau da yawa gram 30 zuwa 80 ne kacal, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta firjin gida ba ta yarda irin wannan gas mai kama wuta ya wuce gram 150 ba. Firjin gida ba shi da tankin ajiye rara, ba shi da bawul mai daidaita kwarara, kapilari ne kawai, tsawonsa da faɗinsa an yanka su ne don wannan adadin. A firji mai gram 50, kuskuren gram 10 ɗaya bisa biyar ne na gas ɗin gaba ɗaya. Lamarin kamar gishiri ne a miya: ya gaza ta yi lami, ya zarce ba ta ciwuwa.

Abubuwan da ake ɗora wa gas alhali ba laifinsa ba ne

Da farko a ba firjin lokaci. Wanda aka kunna yana da zafin ɗaki na bukatar sa'o'i da dama kafin ya daidaita, har kwana guda idan zafi ya yi tsanani, kuma a bar shi babu kaya a ciki. Wanda ya cika shi da ledojin ruwa masu ɗumi tun daren farko ba zai san gaskiyar aikin da aka yi masa ba. A sayi ƙaramin ma'aunin zafi a saka a ciki: ɓangaren abinci ya kamata ya sauka digiri 5 ko ƙasa, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili.

Sai wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, mai megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani wutar kan yi ƙaranci, a daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da firji. Inji da aka ƙera don bolt 220 idan ya sami ƙasa da haka sosai ba ya iya tashi. Za ka ji ya yi ƙugi na daƙiƙu kaɗan, sai "ƙyas", ya yi shiru, bayan mintuna ya sake gwadawa. Wannan ƙarar ta obalod ce, na'urar da ke yanke wuta don kare inji daga ƙonewa. Maganin matsalar sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, ko canja rile, na'urar da ke tayar da inji, idan shi ya mutu. Haka nan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a bar firji minti 5 kafin a mayar da filogi.

Ƙurar hunturu ma na da nata rabon. Ragar baya da ta yi kauri da ƙura, ko firjin da aka matse da bango a ɗakin kwano, ba ya iya fitar da zafi. A share raga, a ja shi daga bango kamar faɗin tafin hannu. Robar ƙofa kuma a gwada ta da takarda: idan ka rufe ƙofa a kanta ta zare ba tirjiya, iska mai zafi na shiga ta nan.

Akwai wani harafi a kan sitikar nan da 'yan kasuwa ba sa nuna wa mai saye, kuma a ganina ya fi kowane abu muhimmanci a yankinmu. Shi ne ajin yanayi. N na nufin an ƙera firjin don ɗaki mai digiri 16 zuwa 32, SN daga 10 zuwa 32, ST har 38, T kuma har 43. Firjin gwanjo da ke sauka a tashar Duwala daga Turai da yawansu N ko SN ne kawai. A Ngaundare, inda tudu ke sassauta zafi, irin wannan na iya yin aikinsa lafiya. A Kusuri cikin Afrilu kuwa zai yi ta gudu ba hutawa ko da gas ɗinsa daidai yake har gram na ƙarshe. Ƙara masa gas ba zai mayar da shi T ba, sai dai ya ƙara wa inji nauyi.

Mai firjin da aka rubuta wa No Frost, wato mai narkar da ƙanƙararsa da kansa, ya sa a cire murfin bayan firiza a duba. Idan farantin ya lulluɓe da ƙanƙara mai kauri daga farko har ƙarshe, gas na nan lafiya lau. Hita ce ko taima ko na'urar jin sanyi ta daina narkar da ƙanƙara, ko fanka ta tsaya.

Cututtuka huɗu masu kama da juna

Idan duk waɗannan sun fita, sai a koma kan bututu. A kunna firji babu kaya kamar awa ɗaya zuwa biyu, sannan a duba wurare uku: farantin sanyi, ragar baya, da bututun dawowa, wato mai ɗan kauri da ke shiga inji. A yi hattara da bututun da ke fita daga inji zuwa raga, yana ƙona hannu.

Firji mai lafiya farantinsa na yin farar ƙanƙara siririya bai-ɗaya har ƙarshe. Ragar baya na da zafi a sama inda gas ke shiga, zafin na raguwa a hankali har ya zama ɗumi a ƙasa. Filta na da ɗumi iri ɗaya a bakinta biyu. Bututun dawowa kusa da inji na da ɗan sanyi ko daidai da ɗaki, a bushe. Kuma bayan ya yi sanyi, tamostat, na'urar da ke daidaita sanyi, na kashe shi ya huta.

Idan gas ya gaza, ƙanƙara na tsayawa a farkon faranti kusa da bakin kapilari, wani lokaci ta dunƙule a nan, sauran farantin kuwa gumi kawai ko a bushe. Ragar baya ɗumi-ɗumi, layin farko ko biyu ne kaɗai ke da zafi. Idan ka kasa kunne a firiza za ka ji huci kamar iska na fita, maimakon ƙarar ruwa na gudana. Inji ba ya tsayawa, jikinsa da zafi, amma mitar amfiya na nuna yana jan wuta ƙasa da yadda ya saba, don ba shi da kaya da yawa da zai matsa.

Idan gas ya yi yawa, faranti na cika da ƙanƙara har ta biyo bututun dawowa ta fito waje, ka gan ta fara ko gumi na ɗiga kusa da inji, wani lokaci har ƙasa ta jiƙe. Ragar baya da zafi daga sama har ƙasa. Amfiya ta hau. Abin da ke ruɗar mutane shi ne firizar na yin sanyi amma ba ta kai inda ya kamata, saboda yawan gas na ɗaga matsi a faranti, gas kuma idan matsinsa ya hau ba ya tafasa da sanyi sosai. Mai gida ya ce ba ya daskarwa, mai gyara ya ƙara gas, abin ya ƙara lalacewa. Ga haɗari kuma: ruwan gas da ya koma inji na tsinka mai, yana iya fasa bawul ɗin ciki.

Ta uku ita ce toshewa, kuma ita ce ke cinye kuɗin mutane, don a ido ba ta da bambanci da ƙarancin gas. Ƙanƙara a farkon faranti kawai, ko babu gaba ɗaya, amfiya ƙasa, allurar geji ta faɗi ƙasa. Ana raba su da abu biyu. Na farko a taɓa filta: idan bakin shigarta na da ɗumi, bakin fitarta da sanyi ko gumi, to a nan hanya ta ƙuntata. Na biyu a cire filogi a saurara. Idan kapilari a buɗe yake, za ka ji gas na ci gaba da gudana na 'yan mintuna, allurar geji na hawa a hankali har matsin ɓangaren zafi da na ɓangaren sanyi su daidaita. Idan a toshe yake, shiru za ka ji, allurar ta kafe a ƙasa ko ta riƙa rarrafe na dogon lokaci.

Toshewa bayan gyara iri biyu ce. Akwai ta datti: ɓurɓushin walda, baƙin da ke fita a cikin bututu idan aka ƙona shi ba tare da naitirojin na ratsawa ba, ko man inji da ya malala cikin bututu saboda an kwantar da firjin a mota ko a amalanke aka kunna shi nan take. Akwai kuma ta danshi, wadda ke da wata alama da ba ta ɓuya. Firjin zai yi sanyi da kyau na ɗan lokaci, sai sanyin ya ɗauke alhali inji na gudu. Ka kashe shi ya huce, ka kunna, ya sake yin sanyi, ya sake ɗaukewa. Ɗigon ruwa ne ke daskarewa a bakin kapilari ya toshe shi, idan ya narke hanya ta buɗe. Mai gyara na tabbatar da haka ta ɗora tsumma mai ruwan ɗumi a wurin, sai ka ji gas ya ɓalle da gudu. Firjin da ke haka, ko kwalba guda aka juye masa ba zai warke ba. Man da ke cikin injin R134a ma mayen danshi ne, barin bututu a buɗe na sa'o'i a lokacin damina ya isa ya jawo wannan.

Ta huɗu gajiyar inji ce, musamman idan kwamfureso na hannu aka saka. Yana juyawa, ƙararsa lafiya, amma bawul ɗinsa ba ya riƙe matsi. Ragar baya ba ta zafi, faranti gumi kawai, amfiya ƙasa. Sai dai a nan allurar geji a sama take tsayawa maimakon ta sauka, kuma da an kashe sai ta yi tsalle nan take.

Cikin huɗun nan, ɗaya ce kaɗai ƙarin gas ke taimaka wa, ita ma na ɗan lokaci. Biyu yana ƙara musu ciwo, ɗaya kuma ko a jikinta. Akwai ma ta biyar da ke raɓe da su, wato iska a cikin bututu saboda ba a yi bakiyum sosai ba. Ita kan sa saman raga ya yi zafi fiye da kima, amfiya ta hau, sanyi ya yi rauni.

Geji da sikeli

Masu ƙari za su ce ai geji na gaya musu komai. Geji matsi yake aunawa, matsi kuma na bin zafi. R134a na tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili a matsin iskar duniya, shi ya sa idan firiza ta yi sanyi sosai allurar na zama kusa da sifili, tsakanin psi 0 da 5 a ma'aunin matsi. Amma a mintunan farko, lokacin da akwatin ke da zafi, matsin na sama da haka ko da gas ɗin daidai ne. Mai gaggawar da ke bin allura sai ya tsaya da wuri ya bar firji da yunwa. Mai bin ƙanƙara kuma sai ya yi ta ɗurawa har faranti ya cika alhali akwatin bai huce ba, da dare ko da hunturu ya shigo sai rarar ta bayyana a bututun dawowa. Yin caji da geji daidai na bukatar zaman sa'o'i ana ƙara ɗan mitsitsi ana jira, kuma mai gyaran da layi ke jiransa a shago ba shi da wannan lokacin.

Har tudu na shiga lissafin. Ngaundare na sama da mita 1,000 daga teku, iskarta ta fi ta Garwa sauƙi, don haka firji ɗaya da gas ɗaya zai nuna kusan psi ɗaya da rabi sama a gejin Ngaundare. A ma'aunin da duk faɗinsa psi 5 ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya koyi aiki a wani gari ya haddace lamba ɗaya.

A R600a abin ya fi tsanani. Shi a digiri 11.7 ƙasa da sifili yake tafasa, don haka kafin ya daskarar da nama dole matsinsa ya faɗi ƙasa da na iskar duniya. Allura a firji mai lafiya na zama wajen bar 0.3 zuwa 0.5 ƙasa da sifili. Wanda ya saba da R134a idan ya ga haka sai ya ce babu gas, ya yi ta ɗurawa har allura ta haura sifili, a lokacin kuwa ya zarce adadin nesa ba kusa ba. Kuma tunda ɓangaren sanyi zuƙa yake yi, duk ɗan rami a can, ko tiyon geji da ba a kore iskarsa ba, iska da danshi yake shigarwa. Tiyon kansa idan ruwan gas ya cika shi na riƙe gram da dama, wanda a firji mai gram 45 babban kaso ne. Saboda haka a R600a ban ga wurin muhawara ba, sikeli mai auna gram ɗaya-ɗaya ne kawai.

Ba ina cewa geji ba shi da amfani ba. Wajen gano ciwo, shi da mitar amfiya ba su da na biyu, kamar yadda gwajin kashewa da saurare ya nuna. Ko ɗan ƙarin gas ma na iya zama gwaji a hannun gwani: ya saka kaɗan ya jira, idan ƙanƙara ta matsa gaba to ƙaranci ne, idan ba ta motsa ba amma amfiya ta hau to toshewa ce. Inda geji ke gazawa shi ne faɗin gram nawa ke ciki. A injin inbata mai canja gudu da kansa ma, matsi da amfiya duk ba sa tsayawa wuri ɗaya balle a dogara da su.

Sikeli kuwa ba ya aiki shi kaɗai, sai bututu ya zama wayam. A nan ake gane aikin ƙwarai. Wasu na amfani da tsohon kwamfureso a matsayin famfo, wasu ma injin firjin kansa suke sa ya fitar da iska ta bakin filta. Hakan na rage iska amma ba ya busar da ruwa. Kafin ruwa ya tafasa a zafin digiri 30 sai matsi ya sauka wajen milibar 42, masu aikin tsanaki kuma na kai shi ƙasa da milibar 1. A kan gejin allura, waɗannan lambobi biyu wuri ɗaya suke nunawa. Don haka famfon bakiyum na gaske ake so, a bar shi ya yi aƙalla rabin awa, a rufe a jira a ga ko allura za ta dawo. Filta kuma sabuwa duk lokacin da aka buɗe bututu. Tana cikin mafi arahar kayan firji, kuma wadda ta riga ta sha danshi ba ta ƙara shan wani.

Gas ɗin da aka saka, shi ne na firjin?

Iri uku ke yawo a gidajenmu. R12 na tsofaffin firji, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta yi wa wa'adi, aka daina shi a ƙasashe masu tasowa a 2010. R134a da ya gaje shi, wanda shi ma gyaran Kigali na 2016 ya sa a layin ragewa. Sai R600a da ya mamaye firjin Turai tun shekarun 1990, yanzu kuma sababbin da ke shigowa daga Asiya galibi shi ne. Kowanne da injinsa da kapilarinsa. Injin R600a na da babban ciki kusan ninki biyu don gas ɗinsa ba shi da matsi sosai. Ka zuba masa R134a, zai yi nishi, obalod ta yi ta yankewa har ya ƙone. Ka zuba R600a a injin R134a, sanyin ba zai kai ko'ina ba. Man R12 kuma ba ya gauraya da R134a, sai ya taru a faranti ya toshe hanya. R22 na na'urar sanyaya ɗaki ne, gas ɗin girki kuwa gauraye ne mai danshi da sinadarin wari, ko kusa da firji bai kamata su je ba.

Idan an canja maka kwamfureso, ka duba lambar gas ɗin da ke jikinsa ta yi daidai da ta sitikar firji. Idan ba ka ga kwalbar da aka ɗura da idonka ba, ƙari a kan abin da ba a sani ba caca ce, wannan kaɗai ya isa dalilin zubarwa a sake.

R600a na kama wuta idan ya kai kashi 1.8 zuwa 8.4 cikin ɗari na iska, kuma ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwantawa. A fitar da firjin tsakar gida kafin a saki gas ɗin, nesa da murhu da gawayin shayi da janareta. Da abin yanka bututu ake buɗewa, ba da harshen wuta ba, kuma sai an kore ragowar da naitirojin kafin a kunna walda. Gwajin yoyo da iskar oksijin ta masu walda kuwa haramun ne a wannan sana'a, idan ta haɗu da man inji fashewa take yi.

Ina ramin yake?

Amsar wannan ce ke nuna ko aikin ya cancanci kuɗinsa. Bayan gyara, wurin da aka fi zargi shi ne inda aka yi walda da bakin bututun caji. Bawul ɗin nan da ake ɗaurewa da sukurori ya huda bututu na wucin gadi ne, robarsa na bushewa ta fara yoyo, bai kamata a bar shi a jikin firji ba. Tabon mai da ƙura ta manne wa alama ce, kumfar sabulu kuma na nunawa idan akwai matsi a ciki. A R600a sai an kashe inji kafin a shafa sabulu a ɓangaren sanyi, in ba haka ba ruwan sabulun zai zuƙa. Irin wannan yoyo na waje gyaransa sauƙi ne, kuma na dindindin.

Farantin da aka huda da wuƙa wajen ɓamɓare ƙanƙara, a cire filogi nan take kar inji ya zuƙi ruwa. Alminiyam na gyaruwa da waldarsa ta musamman ko a canja farantin. Liƙi da gam kan riƙe na ɗan lokaci ne.

Mai wuyar shi ne yoyon cikin bango, inda bututu ke binne cikin soso. Mai gyara na gano shi ta raba ɓangarorin biyu, ya matsa kowanne da naitirojin ya bar shi ya kwana. Idan bututun ɗumin da ke zagaye bakin ƙofa ne ya yi tsatsa, ana iya tsallake shi, abin da za a rasa kawai bakin ƙofa ya riƙa gumi da damina. Idan ragar da ke cikin bangon gefe ce, ana ɗaura wata a baya. Amma da zarar an canja tsawon bututu, lambar sitika ta daina zama daidai, sai gwani ya fara da ita ya daidaita a hankali yana rubuta abin da sikeli ya nuna. Idan kuwa bututun sanyi ne ya ruɓe a cikin soso, a tsohon firji ajin N, ga inji ya gaji, ni shawarata a tara kuɗin a nemi mai ajin T ko ST.

Yaushe ƙari ke da hujja? Idan firjin R134a ne, gas ɗin ciki an san shi, alamun ƙaranci sun bayyana sarai, gwajin kashewa ya nuna kapilari a buɗe, kuma akwai kaya a ciki da za su lalace, kamar mai sayar da ƙanƙara a tsakiyar azumi da ba za ta iya rasa kwana biyu ba. Sai a yi, amma kowa ya san jinkiri aka saya, a sa ranar aikin gaske. Wanda aka ƙara wa sau biyu cikin wata uku ya riga ya biya abin da ya kusa kuɗin cikakken gyara, injinsa kuma na ta gudu da zafi duk tsawon lokacin.

Wajen zaɓen mai gyara, ka tambaye shi cikin girmamawa: "Malam, gram nawa za ka saka masa?" Wanda ya sunkuya ya karanta sitika, ya fito da sikeli da famfo da sabuwar filta, ka ba shi aikin ko da ya fi tsada. Ku yi sharaɗi tun farko cewa cikon kuɗi sai firjin ya kwana yana aiki, ma'aunin zafi ya nuna digirin da ake so, inji na tsayawa da kansa, bututun dawowa a bushe. Ka roƙe shi ya rubuta kwanan wata, sunan gas, gram ɗin da ya saka da amfiyar da ya gani a takarda ya manna a bayan firjin. Bayan mako biyu ka sake duba faranti: idan ƙanƙarar ta fara ja da baya daga ƙarshe, akwai sauran rami, kuma gara a koma tun bai zuƙi iska ba.